Tibirin Wa? Abin da Na Tarar Ina Neman Tarihin Arewa a Waya

Hutun bara da na koma gida Tibiri, na tarar da ƙanena Auta yana ta ɗaga kai a tsakar gida, wai ya ci 15 bisa 20 a ekspozen tarihi. Mushensu ne ya ce kowane gungu ya kawo tarihin garinsu. Su biyar suka yi karo-karo, suka sa forfen dala ɗari a wayar yayan ɗaya daga cikinsu, suka buga sunan Tibiri, abin da ya fito suka kwafe shi cikin kaye da kyakkyawan rubutu, har da jan biro a kan shekaru. Da dare ya ɗauko kayen yana karanta wa kakarmu, yana mayar mata da shi Hausa. Wai Gobirawa ne suka kafa garin wajen shekarar 1836, bayan an ci su da yaƙi a Gawakuke, wai Sarkin Gobir Mayaƙi ne ya zauna nan da jama'arsa.

Kaka ta bar shi ya yi nisa, sannan ta ce, "Kai miji, dakata. Wa yac ce maka mu Gobirawa na?" Ya ce intanet. Ta kamo hannunsa ta aza a kumatunta, inda zane biyu suka taso daga gefen baki suka nufi kunne. "Ƙidaya. Nawa ka ji? In da ni Bagobira ta, da ka gaji da ƙidaya ba ka ƙare ba." Muka yi ta dariya, shi kuwa ya rufe kaye ya shige ɗaka.

Abin da yaran suka kwafo ba ƙarya ba ne. Tarihin Tibiri ne, sai dai ba tamu ba. Waccan tana dab da Maraɗi, can ne fadar Sarkin Gobir take. Tamu tana cikin Dallol Mawri, kudu da Dogon Dutsi, a jihar Doso, tun 2011 ta zama departama mai kanta tare da Dumega da Geceme da Kore Mairuwa, sarkinmu kuma Samna ake ce masa. Mushen da ya ba da 15 baƙo ne, daga gabas aka turo shi, shekararsa ta biyu ke nan a garin. Da na je na same shi na yi masa bayani, sai ya dafe kai, ya yi dariya, sannan ya ce, "To malama, ke da kike jami'a, ki samo mini abin da zan ba su. Littafin aji ba shi da ko layi guda a kan garin nan, yaran kuma waya suka fi yarda da ita a kaina." Na ce masa to, ina zaton aikin mako guda ne. Ya ci mini shekara, tsakanin darussa da neman inda rezo ke da ƙarfi.

Ni ba ɗalibar tarihi ba ce, kimiyyar harshe nake karantawa, kuma da farko na ɗauka wannan naƙasu ne. Daga baya na gane cewa ƙofar farko da ke rufe tarihinmu a intanet ta harshe ce.

Ku gwada da kanku. Ku buga kalmar Arewa. Abin da zai fito shi ne arewacin Najeriya: Gidan Arewa na Kaduna, inda ake ajiye takardun tarihi a tsohon gidan Sardauna, da tashar Arewa24, da ƙungiyoyin dattawa, da ƴan fim. Duk suna da haƙƙinsu, don arewa ita ce kishiyar kudu, su kuma miliyoyi ne masu rubutu kullum. Amma tamu Arewa sunan ƙasa ce, ƙasar Arawa, mutum ɗaya Ba'are. A bakin tsofaffi sunan yana komawa ga Ari, ɗan sarkin Barno, wanda ya sauka Bagaji wurin Baura, ya auri ɗiyar gidan, aka haifi Akazama, kakan sarakunan Arewa. Kafin su akwai Gubawa, masu ƙasa, waɗanda labarinsu ya fara da Sarauniyar da ta taso daga Daura, dutsen Tunguma yana yi mata jagora, har ta zauna Lugu. A rubuce dai harufa biyar ne iri ɗaya, a-r-e-w-a, na'ura kuma ba ta san Ari ba, mai yawa take bi.

Sai da na yi kwanaki ina wahala kafin na tuna da abin da na sani tun ina yarinya, cewa Zabarmawa ba Arawa suke ce mana ba, Mawri suke cewa. Faransawa daga yamma suka shigo, ta ƙasar Zabarmawa, da tafintoci masu jin Zabarmanci, don haka sunan da suka ji shi suka rubuta. Ranar da na buga Maouri, na'urar ta fara tambayata ko mutanen Maori na Niyu Zilan nake nufi. Na ce mata a'a. A nan ne ƙofa ta buɗe. Kusan duk wani rubutu mai nauyi da aka yi a kanmu, ƙarƙashin wannan suna yake, da siffofinsa uku: Maouri a takardun mulkin mallaka, Mawri wurin masu bincike na bayan 1960, Mauri a wasu rubuce-rubucen Ingilishi. Wato in kana son ka sami kanka, sai ka kira kanka da sunan da maƙwabci ya sa maka, cikin rubutun baƙo.

Daga nan na buɗe shafi a bayan kayena, ina tara yadda aka rubuta kowane suna. Ba a hargitse abin yake ba, yana da ƙa'ida, ita ce kuma ta fi ba ni sha'awa. Bafaranshe yana rubuta u da w duka da ou, shi ya sa Lugu ta zama Lougou, Tunguma ta zama Toungouma, Baura ya zama Baoura, Gubawa suka zama Goubawa. Yana sa gu a gaban e da i don kada g ta yi laushi, ga Guéchémé nan. Ba ya jin bambancin k da ƙ, ko d da ɗ, sai ya zubar da lanƙwasa. Wani abin kuma ba laifinsa ba ne, bakinmu ya bi. A Hausar yamma, ts in ta zo gaban i ko e tana karkata zuwa c mai ƙarfi, don haka wanda ya rubuta Doutchi ya fi kusa da yadda mutanen garin ke faɗi a kan wanda ya rubuta Dutse irin na Kano. Haka f take zama h a gaban i da e, ta zama hw a gaban a: muna cewa hita, muna cewa hwari. Shi ya sa za ka tarar da sunan mutum ɗaya an rubuta shi Karfe a nan, Karhé a can, Karfey a wani wuri, na'ura kuwa ta ɗauke su mutum uku. Mai neman tarihin Arewa da siffa ɗaya tak, kashi ɗaya cikin uku zai gani, ya tafi yana cewa ba a rubuta komai a kanmu ba.

An rubuta, kuma wani abin kyauta yake. Mafi tsufa da na sauke shi ne rahoton tawagar Tilho, wadda ta shata iyakar Nijar da Najeriya tare da Turawan Ingila daga 1906. A juzu'i na biyu, na 1911, tafintansu Landeroin ya tara tarihin ƙasashen da suka ratsa tsakanin tafkin Cadi da kogin Kwara, yana zama da masu sarauta yana rubuta jerin sunaye. Yana da amfani ƙwarai, amma a riƙa tuna wa ya yi magana da wa. Baƙo mai bindiga ne ke tambaya, a fada, a lokacin da Nasara ke zaɓen wanda zai naɗa sarkin kanto. Duk wanda ya ba da jerin kakanni a ranar ya san abin da yake karewa.

Sai dandalin Persée, inda tsofaffin mujallun binciken Faransa suke a buɗe ba ko dala. A nan na karanta maƙalar Éliane de Latour ta 1984 a Cahiers d'études africaines, mai suna Maîtres de la terre, maîtres de la guerre, wadda ke bayanin yadda aka raba iko a ƙasar nan tsakanin masu riƙe da ƙasa da iskokinta da masu riƙe da doki da mashi. Matar nan ta yi fim sukutum a kan sarautar Samna, Les Temps du pouvoir, cikin shekarun 1980, ta kuma fitar da littafi mai wannan suna a 1992. Ni da aka yanke wa cibi a garin, sai ina da shekara ashirin da biyu na fara jin sunansa, a waya, a Yamai. Littafin da kowa ke komawa gare shi, Histoire Mawri na Marc-Henri Piault, na 1970, a takarda na karanta shi, a ɗakin karatu, haka ma na Mahamane Karimou na 1977 a kan Mawrin da suka koma jin Zabarmanci, da na Kimba Idrissa na 1981 a kan yaƙe-yaƙen yammacin Nijar. Adeline Masquelier ta zauna Dogon Dutsi ta rubuta littafi a kan bori da Musulunci a 2001, da Ingilishi, na sayarwa ne. Babban Tarihin Afirka na UNESCO yana nan kyauta, amma kowane juzu'i yana iya shanye forfen kwana, kuma ya fi dacewa da malami a kan ɗan koleji. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma an sa shi a intanet, ya taimake ni da tsofaffin kalmomin sarauta da na yaƙi.

To amma duk waɗannan sai wanda ya san sunansu yake isa gare su. Wanda bai sani ba, in ya yi sa'a ya tsallake Tibirin Gobir da arewacin Najeriya, abu ɗaya zai tarar an baje masa: Sarauniya Mangu da ranar 16 ga Afrilu 1899.

Labarin kun san shi. Kyaftin Voulet da Chanoine suka taso da rundunarsu daga bakin kogi a farkon 1899 suna nufin tafkin Cadi, suna ƙone garuruwa suna kashe mutane a hanya. A Lugu suka gamu da turjiya. A lissafinsu, an kashe musu mutum 4, an raunata 6. Mutanen garin suka janye cikin daji da duwatsu, aka ƙone Lugu, rundunar ta wuce ta yi ɓarnar da ta fi wannan a Birnin Ƙonni cikin watan Mayu. Da labari ya kai Faris aka turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli kusa da Dankori, cikin kwana uku kuma sojojinsu suka kashe su duka biyun. Kaburburansu suna Maijirgi.

Ba na raina wannan rana, Allah ya sani. Abin da ke damuna shi ne yadda ta haɗiye sauran. Kuma ko ita ranar, abin da ke yawo a wayoyi ba daga Lugu ya fito ba. Daga littafin ƙagaggen labari na Abdoulaye Mamani ya fito, Sarraounia, na 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Mamani marubuci ne ɗan gwagwarmaya, yana son ya ba ƙasarsa jaruma, ya kuma yi nasara. Ba tarihi ya ce ya rubuta ba. Elara Bertho, a wata maƙala ta 2011 da ke kyauta a OpenEdition, ta bi sawun abin, ta nuna cewa a takardun sojan Faransa layuka kaɗan ne suka ambaci matar, cikin raini, kamar wata tsohuwar matsafiya, kuma littafin Mamani ne ya ɗauke ta daga labarin yanki ya mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya. Malama Antoinette Tidjani Alou ta jami'ar Yamai ita ma ta yi rubutu a kan yadda aka ɗaukaka Sarauniyar littafi aka manta da matan da ke riƙe da sarautar a zahiri.

Sau nawa aka turo mini hoton wata kyakkyawar mace da kwari da baka a gungun WhatsApp, an rubuta a ƙasa wai ga Sarauniya Mangu? Aï Keïta ce, ƴar wasan Burkina da ta fito a fim ɗin. Ranar da na faɗi haka a gungun ƴan ajinmu, wani ya ce ina rage wa jarumarmu daraja. Ban ga yadda faɗin sunan ƴar wasa zai rage wa kowa daraja ba.

Akwai kuma kuskuren da ni a matsayina na ɗalibar harshe ya fi ci mini rai. Da yake an rubuta Sarraounia da babban baƙi da r biyu da ou, masu karatu da yawa, har da Hausawa, suna ɗaukarsa sunan yanka. Kalmar sarauniya ce fa, tamu ta kullum. Sarauta ce, Mangu ɗaya ce cikin jerin matan da suka riƙe ta, akwai na gabanta, akwai na bayanta, kuma sarautar ba ta mutu da zuwan Nasara ba. Aikinta ma ba jan runduna ba ne, riƙon ƙasa ne da al'adunta. Yadda ake samun magajiya shi kansa darasi ne, don ta hanyar tarkama ake yi, a ɗauki gawar wadda ta rasu, ita ce za ta nuna wadda za ta gaje ta. Da zarar an mayar da sarauta sunan mutum ɗaya, an datse ɗaruruwan shekaru an bar kwana guda. Yau akwai gidan rediyo mai sunanta a Yamai, hukumomin yanzu sun ƙirƙiro lambar girmamawa da sunanta, duk daidai ne. Amma ɗan kolejin da ya san fim ɗin kaɗai, in ka tambaye shi mene ne Tunguma, sai ya yi shiru.

Mu kuma ƴan Tibiri wannan hasken ya rufe namu. Mutumin da na ce an rubuta sunansa iri uku, Samna Ƙarhe ne, kuma a ganina kalmar ƙarfe ce ba wata ba, a bakinmu. A tsakiyar ƙarni na 19, bayan Yakubu Nabame ya tayar da Kabi a 1849 ya zauna Argungu, ƙasashen dallol suka haɗa kai da Kabawa don su fita daga hannun Gwandu da ƙawarta Tamkalla. A wannan ƙawance ana ambaton Dauda Bugaram da Isa Korombe a ɓangaren Zabarmawa, ana ambaton Samnan Tibiri a namu ɓangaren. Rigimar ta ja shekaru har aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Wannan shi ne abin da ya kamata a ce Auta ya karanta wa kaka. Ya shafi garinsa kai tsaye, yana kuma bayyana masa abubuwan da yake gani da idonsa, kamar dalilin da ya sa dangi suke Argungu da Kangiwa, da dalilin da ya sa akwai Mawri masu jin Zabarmanci.

A intanet kuwa sai ka yi tono kafin ka same shi, kuma kullum a gefen labarin wani yake. A shafin Isa Korombe zai fito cikin jerin abokan yaƙi. A tarihin Doso zai fito da layi ɗaya. A rubutun Ingilishi kan Kabi, ana ambaton Arewa ne a dunƙule, kamar wani yanki da ke bayan Argungu. Ba a ɓoye shi da gangan ba. Yaƙinsa ba da Nasara ya yi ba, da maƙwabta ya yi, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba a kowane ɓangare, irin wannan labari kuwa ba ya shiga waƙar kishin ƙasa cikin sauƙi. Ni a ganina shi ya sa ya fi cancanta a koyar da shi, don yaro zai koyi cewa kakanninsa siyasa suke yi, suna ƙulla ƙawance suna warwarewa bisa abin da zai fisshe su.

Wani abin da ya raba takardunmu gida biyu shi ne iyaka. A yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, Faransa da Ingila suka ja layi ya bi Dallol Mawri, sannan ya zagaya Sakkwato da da'ira mai nisan mil 100. A takarda, babban yanki na Arewa ya faɗa hannun Ingila. Faransawa suka ga an bar su da hanyar da ba ruwa tsakanin kogi da Damagaram, suka yi ta neman gyara, aka sake layin a 1904 da 1906. Da ba a sake ba, da wannan rubutu nawa cike yake da kalmomin Ingilishi maimakon kaye da mushe. Har yau akwai ƙaramar hukumar Arewa Dandi a jihar Kebbi, hedkwatarta Kangiwa. Saboda haka wasu takardun suna Yamai da Aix-en-Provence da Faransanci, wasu suna Kaduna da Landan da Ingilishi, ɗaliban jami'o'in Sakkwato kuma suna rubuta kundayensu a kan Arawa da Hausa ko Ingilishi, mu a nan ba mu karanta su, su ma ba su karanta namu. Ranar da na fara buga Arawa tare da Kebbi, sai ga wani rabin gidanmu da ban taɓa leƙawa ba.

Da na tara abin da na tara, na koma wurin mushe da hutun Disamba. Na zaci zan ba shi adiresoshi ne ya raba wa yara. Muna zaune ya buɗe maƙalar de Latour a wayata, ya karanta sakin layi ɗaya, ya miƙo mini. Ya ce, "Wannan ni kaina sai na karanta sau biyu. Ɗan katriyem fa?" Gaskiya ya faɗa. Abin da ke da inganci an rubuta shi da Faransancin masana, don masana. Abin da ke da sauƙin karatu kuma, shi ne mai hoton ƴar wasa. Da Hausa kuwa, mafi yawan abin da na ci karo da shi a kan garuruwanmu fassarar na'ura ce daga Ingilishi, wanda shi ma daga Faransanci aka ɗauko, har sunan gari yakan iso da ou ɗinsa da é ɗinsa, a tsakiyar jimlar da ba Bahaushen da zai furta ta. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Na yi murna kamar kowa. Amma ranar da aka ce wa mushen nan ya koyar da tarihin Arewa da Hausa, me zai riƙe a hannu?

Abin da muka yi a ƙarshe ƙarami ne. Na rubuta shafi huɗu da Hausa, da fassarar Faransanci a gefe: Gubawa da Arawa, Lugu da Bagaji da Matankari, Samna Ƙarhe da ƙawancen Kabi, 1899, sannan iyaka. A ƙarƙashin kowane batu na sa inda na samo shi, na kuma bambanta abin da takarda ta ce da abin da baki ya ce. Shafi na biyar jadawalin sunaye ne, kowane suna da siffofinsa, da gargaɗi a sama da manyan baƙaƙe cewa Tibiri biyu ce. Mushe ya ce wannan shafin ya fi sauran amfani. Ya kai aka yi fotokopi, ya manna ɗaya a bangon aji. Ya kuma canza aikin: duk gungun da ya kawo abu daga waya, sai ya kawo da abin da wani tsoho ko tsohuwa na unguwarsu ya ce a kan batun, in sun saɓa a rubuta duka biyun.

A Yamai akwai CELHTO, cibiyar da aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka, akwai kuma IRSH da tarin muryoyin da aka naɗa shekaru da dama. Tunanin waɗannan kaset-kaset ne ya sa daren da zan komo na ajiye waya a gaban kaka na ce ta ba ni labarin garin. Ta ce, "Ke kishiya, mi za ki yi da maganar tsohuwa? Ba ga intanet ɗinku nan ba?" Na lallashe ta da goro. Ta yi magana minti arba'in da wani abu. Ba ta ba ni shekara ko ɗaya ba. Da yunwa take auna lokaci, da auren wance, da shekarar da aka haƙa rijiya kaza. Ta faɗi unguwar da ta riga wata, da gidajen da ba a aure tsakaninsu da dalili. Sau biyu ta sa hannu ta rufe wayar, ta ce wanga ba na na'ura ba na, na kashe, ta faɗa mini, na kunna.

Yanzu ina kan rubuta abin da ta yarda a naɗa, kuma na tsaya cak a minti na shida, inda ta fara ambaton Samna. A darasin daidaitacciyar Hausa an koya mana mu rubuta f ko da bakin mai magana h ya ce. In na rubuta Ƙarfe, na bi ƙa'ida, mai nema daga Kano ma zai same shi. In na rubuta Karhé, zai haɗu da takardun Faransawa. Na mayar da muryar baya sau biyar ina saurare. Na rubuta Ƙarhe, na sa sauran biyun a ƙasan shafi.